Darasi: Yadda ake ƙara wa wutar sola ƙarfi

A Mada, kamar a Tsafe da Bungudu da unguwannin Gusau, farantin sola ya daina zama baƙon abu. Ga shi a kan rufin mai cajin waya, ga shi a kan masallaci, ga shi a bakin rijiyar burtsatse. Ƙauyuka da yawa ko turken wuta babu, amma rana kowa ta leƙa gidansa. Sai dai akwai wata matsala da ba kowa ya lura da ita ba. Wutar da har yau muke kira NEPA, wadda kamfanin Kaduna Electric ke rabawa a Zamfara, tana shiga gida da ƙarfin bolt 230. Batirin da sola ke cikawa kuwa bolt 12 ne kacal. To, yaya 12 za ta juya fankar da aka ƙera don 230?

Mu fara da kalmomi uku, domin su ne ke rubuce a jikin kowace na'ura. Ka ɗauki wuta kamar ruwa a cikin tiyo. Bolt shi ne ƙarfin turin ruwan, alamarsa V. Amfa shi ne yawan ruwan da ke wucewa, alamarsa A. Wat shi ne aikin da su biyun suke yi tare, alamarsa W. Idan ka ninka bolt da amfa, sai ka sami wat: bolt 12 sau amfa 10, wat 120 ke nan.

Duk wanda ya taɓa ban ruwa a fadama ya san dabarar danne bakin tiyo da babban yatsa. Ruwa ya feso da ƙarfi, ya kai nesa, amma bai ƙaru ko da ɗigo ɗaya ba. Kusan haka na'urar ƙara ƙarfin wuta take aiki.

A cikinta akwai zaren tagulla da aka naɗe, irin wanda makanikai ke kira koyil. Akwai kuma wani ɗan makunni da ke kunna kansa yana kashewa, sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan ya kunna, koyil ya tara wuta. Idan ya kashe kwatsam, koyil ya amayo abin da ya tara da ƙarfin da ya fi na batir. Daga nan wutar ta bi ta wata ƙofa mai shiga ba fita, ta taru a wani ɗan rumbu da ke daidaita ta kafin ta fita waje. Asalin wannan ilimi tsoho ne: wani Bature ɗan Ingila, Michael Faraday, ya gano alaƙar maganaɗisu da lantarki ta wannan hanya a 1831. Kai ma ka san aikinsa ba tare da ka san sunansa ba. Koyil ɗin babur ɗinka ne ke ɗaga 'yar wuta kaɗan ta kai dubban bolt, har fulogi ya yi tartsatsi.

Fawa bankin da ke aljihunka ma haka ne. Batirin cikinsa bolt 3.7 ne, waya kuwa 5 take buƙata wajen caji, sai aka sa masa wannan na'ura 'yar mitsitsiya. Inbata ita ce babbar yayarta. Tana ɗaga 12 ko 24 zuwa 230, sannan ta mai da wutar mai kai da komo, sau 50 a daƙiƙa, irin wadda fanka da firji suka saba da ita.

Ga inda mutane ke asarar kuɗi. Inbata ba ta haifar wuta. Abin da ta ƙara a bolt, batir ne ke biyan sa da amfa. Dutsen guga mai wat 1000 ba ya jan fiye da amfa 4 da ɗan ɗori a gefen 230, amma a gefen batir mai bolt 12 yana jan sama da amfa 80. Shi ya sa wayar da ke haɗa batir da inbata dole ta zama mai kauri kuma gajeriya. Wanda ya sa siririyar waya don rowa, zai ji ta yi zafi, wata rana ta narke, kuma gobara daga nan take tashi. Ita ma inbatar tana cin nata kaso, wajen ɗaya cikin goma ko fiye, wanda ke fita a matsayin zafi. Kada a rufe ta da zane, kada a kulle ta a akwatin da iska ba ta shiga.

Mu yi lissafi tare. Batir mai 12V da 100Ah, wato amfa 100 na awa ɗaya, yana riƙe da abin da ya kai wat 1200 na awa ɗaya. Idan batirin ruwa ne, ba a so a sha fiye da rabinsa, in ana son ya yi ƙarko. Saura 600. Fanka mai wat 60 za ta yi awa 10 a takarda, a zahiri wajen awa 9. Mai shagon da ya ce maka batirin nan zai riƙe firji da fanka da talabijin har asuba, ciniki yake nema.

A ganina, wanda bukatarsa fitila ce da cajin waya da fanka ɗaya bai kamata ya sayi inbata ba sam. Akwai ƙwan fitila da fanka masu aiki da bolt 12 kai tsaye, ba ɗagawa, ba asara. Kwantirola, wato na'urar daidaita caji, kawai zai sa tsakanin faranti da batir, domin farantin da ake kira mai 12 yakan ba da wajen 18 da tsakar rana, kuma hakan na dafa batir. Faranti ya ɗan karkata yana duban kudu, a riƙa goge masa ƙura, musamman da hunturu.

Yau in ka koma gida, ka juya bayan cajar wayarka ko fankarka. Ka nemo V da A da W, ka kwafe lambobin da ke gefensu a littafinka, ka zo da su aji gobe mu ninka tare.