Ki Fara da Hular Babansu

'Yata, mahaifiyarki ta gaya mini an ba ki darasin zane a makarantarku ta nan Agege, kuma kina kukan babu fenti, babu takarda, ga yara maƙil da aji. Allah ya dafa miki. Kukanki gaskiya ne, amma kafin hukumar makaranta ta sayo kaya, ki dubi abin da yaran suka baro a gida.

Yaron da kakansa ya biyo jirgin ƙasa ya sauka Zango fataucin goro, cikin zane ya buɗe ido. Hular babansa ɗinki ce mai lissafi. Rigar sallar kawunsa tana da aska takwas a ƙirji. Ga lallen yayarsa, ga allon zayyanar da aka yi wa wansa ranar sauka. Ki ce gobe kowa ya zo da abu guda, ko hula, ko faifai, ko ƙwarya mai zane. A ɗora a tebur a yi ta kallo tukuna. Ki tambaye su: daga ina layin nan ya taso? Sau nawa ya maimaitu? Me ya sa maɗinkin ya bar nan fili? Sai sun amsa sannan a ɗauki fensir. Don Allah kada ki zana mangwaro a allo ki ce su kwafa. Za su kawo miki mangwaronki iri ɗaya, ba wanda ya koyi kallo.

Wannan hanya tana da asali a garin nan. Aina Onabolu, wanda ya yi fafutukar shigar da zane makarantun Legas, shi ya matsa wa Turawan mulki har suka kawo malamin zane Kenneth Murray a 1927, shi kuwa Murray ya riƙa tura ɗalibansa ga sana'o'in garuruwansu. A 1958 wasu ɗalibai a Zariya, cikinsu da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya a kan cewa a karɓi dabarar Bature amma a haɗa ta da gadon gida. Grillo ya zo ya shugabanci sashen zane a kwalejin Yaba, Onobrakpeya kuma ya daɗe yana koyarwa a makarantar St Gregory's ta Legas.

Batun kaya kuwa, almajiri ya riga ki warware shi. Gawayi da ƙaro su ne tawada. Zoɓo zai ba ki ja, gangamau rawaya, jiƙaƙƙen goro ruwan goro. Kwalin da 'yan tireda ke zubarwa ya isa a yi zane a bayansa. Ki bar yaran su haɗa launin da hannunsu, ko da za su ɓata riga, domin nan suka fi koyo. 'Yan ajinki Yarabawa kuma su nuna yadda ake shafa kullun rogo a yadi kafin a rina adire, Hausawa su ba da labarin marinar Ƙofar Mata.

Akwai iyayen da za su zo miki da maganar zanen abu mai rai. Kada ki yi musu da su, kada kuma ki raina damuwarsu. Ki ba su wurin zama, ki nuna musu dagi da zayyana da adon bangon gidajen Zariya, ki ce da waɗannan za ki fara. In kin samu baduku ko maɗinkin hula cikinsu, ki roƙe shi ya zo aji ran Alhamis da kayan aikinsa. Yaron da ya ga babansa tsaye gaban aji ana ce masa malam ba zai ƙara jin kunyar sana'ar gidansu ba.

Wajen ba da maki, ki daina jan biro a kan zanen yaro. Ki rubuta a baya, ki faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da ɗaya da zai gyara. Ki ɗaura igiya a bayan aji ki rataye na kowa, har na wanda hannunsa ke rawa. Ƙarshen zango, in an samu kuɗin mota, ki kai su gidan tarihi na Onikan. Ki gaida mini shugabar makarantarku.