Gashin Ciwon Daji: Abin da Majinyaci Zai Tarar

Idan likita ya ce za a yi maka gashi saboda ciwon daji, gabanka zai faɗi. Kwantar da hankalinka, ba wuta za a sa maka ba. Wani haske ne mai ƙarfi wanda ido ba ya gani. Na'ura ce ke aika shi daidai inda ciwon yake, ya kashe ƙwayoyin cutar. Ana yin wannan aiki a manyan asibitoci, irin su Asibitin Ƙasa da ke Abuja.

Ranar farko hoto kawai ake ɗauka. A auna wurin, a yi maka alama a fata. Kada ka goge alamar nan, ita ce ke nuna wa ma'aikata inda za su saita na'ura kullum.

Daga nan sai zuwa asibiti daga Litinin zuwa Juma'a, har wasu makonni. Za ka kwanta a kan gado, ba motsi. Ma'aikata za su fita su bar ka kai kaɗai, amma suna ganinka, suna jin muryarka. Na'urar za ta yi ƙara tana zagaya ka. Ba zafi. Cikin 'yan mintoci an gama.

Wahalar sai daga baya take zuwa. Bayan mako biyu ko uku gajiya kan sauko. Fatar wurin ta yi duhu, ta yi ƙaiƙayi, wani lokaci ta saɓule. A wanke ta a hankali da ruwa mai ɗumi. Ban da man zafi, ban da turare, ban da sosawa. A nan ne wasu kan ce sun gaji, su koma gida. Don Allah kada ka yi haka. Duk ranar da aka tsallake, dama ce aka ba ciwon ya farfaɗo. In jiki ya matsa, faɗa wa likita, akwai magani.

'Yan uwa kuma, ku ji wannan da kyau. Wanda aka yi wa gashi da na'ura daga waje ba ya komawa gida da hasken a jikinsa. Ku ci tuwo kwano ɗaya da shi, ku miƙa masa jariri ya ɗauka. Gudun da ake yi masa ba shi da dalili, kuma yana ƙona masa rai.

Mace mai ciki, ko wadda take zaton tana da shi, ta sanar da likita tun kafin a fara.