WASWASI DA RASHIN NATSUWA A SALLA: INA MATSAYIN LIKITA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, babu wanda hankalinsa ba ya zarcewa kasuwa ko gona yana tsaye a sahu. Wannan rafkanwa ce, kuma ƙabli da ba'adi sun ishe ta. Wanda muke nufi a darasin nan daban ne: shi ne mai ƙarar da buta uku a alwala ɗaya, mai maimaita kabbarar harama har liman ya yi ruku'u, wanda shakka ta cinye masa natsuwa a salla, ta bi shi wurin karatu da wurin sana'a. Da yawansu suna ɓoye abin shekara da shekaru, suna zaton raunin imani ne, wasu har su bar jam'i don kunya.

Malaman mazhabar Malikiyya sun san wannan mutum, suna kiransa mustankihi, wato wanda shakka ke zo masa kullum, ko da sau ɗaya ne a yini. Shehu Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 386 ta Hijira, ya bayyana hukuncinsa a cikin Risala, haka ma mai Ahalari: ya kau da kai daga shakkar, kada ya kawo abin da yake kokwanto a kansa, ya yi sujada bayan sallama. Ku lura da kyau. Mai shakka ta yau da gobe an umurce shi ya yi gini a kan yaƙini, ya ƙaro raka'a. Shi kuwa wannan an hana shi ƙarowa, domin ƙarin ne abincin cutar.

Abin da likitocin ƙwaƙwalwa suka tabbatar ke nan. Tunani mai firgitarwa ya faɗo, zuciya ta tashi, mutum ya sake wanke hannu, ya ji sauƙi na ɗan lokaci. Wannan sauƙin ne ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa da bai sake ba da ya halaka, sai gobe shakkar ta dawo da ƙarfin da ya fi na yau. Hankalin da ke gadin kuskure dare da rana kuwa ba ya da sauran wurin da ma'anar Fatiha za ta zauna. Ƙoƙarin korar tunanin da ƙarfin tsiya ma ƙara kiransa yake yi.

A shekarar 1966 wani masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, Victor Meyer, ya bayyana hanyar jinyar da har yau ake aiki da ita. Ana zama ne da mai jinyar, galibi sau ɗaya a mako, zama 12 zuwa 20. Su jera abubuwan da ke tayar masa da shakka, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Sai a fara da na ƙasa: ya yi alwala sau ɗaya, ya ajiye buta, ya tashi, ya daure wa tashin zuciyar ba tare da ya maimaita ba, har ta kwanta da kanta. Ya koma gida ya yi ta yin haka. Ranakun farko akwai wuya ƙwarai, ba ma ɓoye muku. Amma a hankali ƙwaƙwalwa na gane cewa babu abin da ya faru, sai gadin ya sassauta, natsuwa ta samu ƙofar shigowa. Wani lokaci likita kan haɗa da ƙwayoyi, waɗanda kan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu.

Kada wani ya ce wannan ilimin baƙo ne gare mu. Abu Zaid Albalkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 ta Miladiyya, ya keɓe babi a kan waswasi a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus, ya yi wa mai shi nasiha da nisantar kaɗaici da zaman banza, da samun amini mai hankali da zai riƙa warware masa tunanin.

Ba kowane rashin natsuwa ne waswasi ba. Baƙin ciki mai tsanani, da fargaba, da rashin barci, da shan ƙwaya irin tiramol duk suna watsa hankali, kuma kowanne da tasa jinyar. Shi ya sa ake bukatar wanda ya karanci fannin ya tantance.

Muna da magana da ƴan'uwanmu malamai da iyaye. Idan mai waswasi ya zo yana tambaya ko alwalarsa ta yi, a sanar da shi hukunci sau ɗaya, a fili. Amsa masa sau goma a yini, ko ce masa ya sake don kariya, taimakon cutar ne, ko da niyyar kirki aka yi. Addu'a da neman tsari daga Shaiɗan suna nan a matsayinsu, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni da neman magani. Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba shaidar hauka ba ce. Wanda abin ke cinye masa awa guda ko fiye a kowane yini, ko ya fara fitar masa da salla daga lokacinta, ya fara da gidan likita mafi kusa ya nemi a tura shi gaba. Babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen masu wannan aiki. In da hali, ɗan'uwa ko limamin unguwa ya raka shi zaman farko.