MUHIMMANCIN RUBUTA ADIRESHIN WANDA AKA YI WA WASIYYA



'Yan uwa, yau ina so in ja hankalinmu kan wani abu da ake raina shi wajen rubuta wasiyya, wato bayyana inda wanda aka yi wa wasiyyar yake zaune.

Mun san mutum yana da damar yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba, kamar yadda ya tabbata a hadisin Sa'ad bin Abi Waƙƙas (RA) a Bukhari da Muslim, kuma ba a yi wa magaji wasiyya. A Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12, Allah Ya sa rabon gado bayan an fitar da wasiyya da bashi. Ke nan in wasiyya ta maƙale, rabon marayu ma yana iya maƙalewa.

To, mutum ya rubuta "a ba Malam Sani gonata", ya rasu. Malam Sani nawa ne a garinku? Na Fagge ko na Kurna? Nan rigima take farawa, har a kai ga kotun shari'a.

A fiƙihu, in an yi wasiyya ga wani ayyanannen mutum, ana bukatar ya karɓa bayan rasuwar mai wasiyya. In kuwa ya riga mai wasiyyar rasuwa, wasiyyar ta ɓaci, dukiyar ta koma cikin gado. Yaya magada za su tabbatar da wannan in ba su san inda yake ba, musamman wanda ke Kumasi ko Makka?

Amma a lura: adireshi hanyar gane mutum ne kawai. In ya tashi daga gidan, haƙƙinsa bai faɗi ba, wajibi ne a neme shi.

Shawarata:
1. Rubuta cikakken sunansa, sunan mahaifinsa da laƙabinsa.
2. Garinsa, unguwarsa, lambar waya, da wani da ya san shi.
3. In masallaci ne ko Islamiyya, faɗi unguwa da layi.
4. Sa adalai biyu su shaida.
5. In ya canza gida, gyara takardar, tunda kana da ikon gyara wasiyyarka matuƙar kana raye.

Allah Ya sa mu cika da kyau da imani. Wallahu a'alam.