Amsoshin Tambayoyinku: Ɗalibar Jinya da Aikin Hosfis

Wannan tambaya daga Malama Hauwa'u ce a Funtuwa, ɗalibar aikin jinya. Tana cewa, shin za ta ƙaru idan ta yi aikin sa kai a hosfis kafin ta zaɓi fannin da za ta ƙware?

To Malama Hauwa'u, mun gode. Hosfis wuri ne na kula da majinyatan da ciwonsu ya gagari magani, ana rage musu raɗaɗi har rai ya yi halinsa. Cicely Saunders ce ta buɗe hosfis na zamani na farko a Landan a 1967, kuma ita ma da aikin jinya ta fara.

Za ki ƙaru ƙwarai, amma mai sa kai ba ya ba da magani. Naki shi ne taya nas juya majinyaci kada bayansa ya yi gyambo, da jiƙa masa leɓe da auduga in haɗiyar ruwa ta gagare shi. Sai kuma zama kusa da shi, ko ba magana. A ganina zaman shirun nan ya fi komai wuya, don ba a koyar da shi a aji.

In babu hosfis kusa da ke, ki nemi malamanki su haɗa ki da sashen masu ciwon daji a asibitin koyarwa.