Auna wutar kafin ka loda umarni

Duk matashin Dangoma ko Kalgo da ya sayi allon Arduino Uno don haɗa na'urar da za ta kunna famfon ban ruwa idan ƙasar fadama ta bushe, ina roƙonsa ya fara da lissafin wuta kafin ya zurfafa a rubuta umarni. Dalilin da muke gani kullum a teburin aiki shi ne, kuskuren rubutu ana gyara shi a sake lodawa, amma ƙafar allo idan ta ƙone ta tafi ke nan. Ƙwaƙwalwar allon, ATmega328P, da bolt 5 take aiki, kuma kowace ƙafa miliyamfa 20 aka so ta bayar, 40 ce iyakarta. Ɗauki jan ƙwan LED: yana cin kusan bolt 2, saura 3. Raba 3 ɗin da rizisto mai om 220, ka samu kimanin miliyamfa 14, lafiya lau. Cire riziston, ka jefa ƙwan da ƙafar cikin haɗari. To ina ga famfo mai bolt 12 da ke jan amfa sukutum? Aikin ƙafa ba da izini kawai. Tiransisto da rile ne ke ɗaukar nauyin, sannan a sa dayod a kan naɗin rile domin ya shanye wutar da ke komowa da ƙarfi lokacin kashewa.

Wani zai ce ai Arduino, tun da aka ƙirƙiro shi a garin Ivrea na Italiya a 2005, an yi shi ne don waɗanda ba injiniyoyi ba, ga kuma manhajoji irin su Tinkercad da Wokwi da ake gwaji a cikinsu ba tare da ƙona komai ba. Haka ne, kuma ina son ɗalibi ya yi amfani da su. Sai dai manhaja ba ta san zafin Afrilu a Kebbi ba, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40. Ba ta kuma san batirin sola mai bolt 12 yana kaiwa 14 idan rana na cajinsa ba. Shi Uno bolt 7 zuwa 12 aka so a ba shi, rarar kuwa ɗan mai daidaita wutar da ke jikinsa zafi yake mayar da ita. A cikin rufaffen akwati a gona, nan ne allo ke ɗaukewa, mai shi ya kwana yana laluben laifi a rubutu. Maganin ƙaramin mai rage wuta ne da zai sauko da ita zuwa bolt 5.

Masu kukan tsadar mitar auna wuta kuwa, su tuna allon ESP32 da bolt 3.3 yake aiki, kuma waya ɗaya mai bolt 5 a ƙafarsa tana iya lalata shi. Kafin ka jona kowace waya, ɗora mita ka karanta, ka kuma tabbata layin ƙasa na allo da na batir a haɗe suke.