Shirin tafiya zuwa Bilma

Yara, ku buɗe taswirar ƙasarmu Nijar. Ku ɗora yatsa a kan Damagaram. Ku ja shi sama, wajen arewa, har ku iso Agadas. Daga nan ku juya gabas, ku ɗan karkata arewa. Za ku ga wani babban fili, babu gari, babu gulbi. Wannan ita ce hamadar Tenere. A bayanta akwai ƙasar Kawar, inda garin Bilma yake.

Mutane suna zuwa Bilma don gishiri da dabino. Wasu malamai ne, ko likitoci, ko sojoji da aka tura aiki. Wasu kuma zumunci ke kai su. Amma ba a tashi tafiya Bilma kamar yadda ake tashi zuwa kasuwar ƙauye. Tun a gida ake cin rabin tafiyar, da tambaya da lissafi. Yau za mu koyi yadda ake wannan shiri.

1. Sanin hanya

Tafiyar kashi biyu ce.

Kashi na farko, daga Damagaram zuwa Agadas, wajen kilomita 450. Ana bin hanyar ƙasa mai lamba 11. Ana ratsa Tanut, babban garin Damargu, sannan Adarbisanat. Kana tafiya gonaki suna raguwa, itatuwa suna gajarta. A wannan kashi akwai garuruwa da rijiyoyi. In mota ta lalace, ba a daɗe ba wata za ta biyo.

A Agadas matafiyi yake hutawa. Tun daga nesa zai hango hasumiyar babban masallaci. Da laka aka gina ta, tsawonta mita 27. A garin ne ake ƙara mai da ruwa, a sake duba mota.

Kashi na biyu, daga Agadas zuwa Bilma, wajen kilomita 600. Nan babu gudoro. Sai rairayi da tsakuwa da sawun motocin da suka wuce. In iska ta taso, sawun ma sai ya ɓace. Wasu suna bi ta Fashi, wasu ta Dirku. Ƙaramar mota mai ƙarfi takan yi kwana biyu ko uku. Kamyo mai kaya yakan fi haka.

A kan hanyar Fashi, a da, akwai wani itacen ƙaya guda ɗaya tak a tsakiyar hamada. Saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 kafin ta sami ruwa. Ayari da motoci duk da shi suke gane hanya. A shekarar 1973 wata babbar mota ta buge shi, ya faɗi. Aka ɗauke shi, aka kai gidan tarihi na ƙasa a Yamai. A wurinsa aka kafa itace na ƙarfe.

2. Zaɓen lokaci

Lokacin sanyi ya fi kyau, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da rana zafi ba ya tsanani. Amma da dare sanyi yana ratsa ƙashi, don haka ana ɗaukar bargo da rigar sanyi. Kuma akan sami iska mai ƙura, wadda ke hana ganin gaba. In ta taso, sai a tsaya har ta kwanta.

Daga Afrilu zuwa Yuni lokacin bazara ne. Zafi yakan wuce digiri 45. Mutum yana yawan gumi, injin mota yana saurin zafi. Wanda bai da dalili mai ƙarfi ba ya shiga Tenere a wannan lokaci.

3. Lissafin ruwa

Ruwa shi ne kaya na farko. A Bilma, ruwan saman da ke sauka a shekara guda bai kai milimita 20 ba. Rijiyoyin hanya kuwa suna nesa da juna. Wata ma sai an iso a tarar rairayi ya cike ta. Saboda haka matafiyi ba ya dogara da rijiyar da bai gani ba.

Ga yadda ake lissafi. A ƙidaya mutane. A ƙidaya kwanaki. A ba kowane mutum aƙalla lita 5 a rana, in da sanyi ne. Da bazara kuwa, sai a ninka.

Misali: mutum 6 za su yi tafiyar kwana 3.
6 x 5 = lita 30 a rana.
30 x 3 = lita 90.

Lita 90 ta isa ke nan? A'a. Wannan ruwan tafiyar da ta tafi daidai ne. In mota ta lalace fa? In an ɓata hanya fa? Don haka ake ninka shi: lita 180. Bido mai cin lita 20 guda 9 ke nan. Sannan a ƙara bido biyu don injin mota.

Ba a zuba ruwan duka cikin tano guda. In tanon ya huje da dare, komai ya tsiyaye. A rarraba shi cikin bido da yawa, a toshe bakinsu da kyau.

4. Mai da gyaran mota

Cikin rairayi mota tana shan mai fiye da kan gudoro. Direba yana lissafin abin da za ta sha, ya ƙara rabinsa a kai. Kafin a tashi, makaniki zai duba inji da birki da batir. Ana ɗaukar tayoyi biyu na ajiya, da abin ɗaga mota, da famfon iska, da igiya mai ƙarfi. Ana ɗaukar felu da faifan ƙarfe guda biyu. In mota ta kafe, yaron mota ya haƙe rairayin, ya shimfiɗa faifan a gaban taya, mota ta hau ta fita. Direba yakan rage iskar tayoyi a rairayi mai laushi, don kada su nutse.

5. Guzuri da takardu

Guzurin hamada shi ne abincin da ba ya lalacewa: garin rogo, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, cuku, shinkafa, shayi da sukari. Ana ɗaukar gawayi, domin babu itacen girki. Ana ɗaukar rawani don kare kai da fuska. A cikin ƙaramin akwati a sa maganin zazzaɓi, da na ciwo, da gishirin zawo.

Kowane babba ya riƙe takardar shaidar ɗan ƙasa. Direba ya riƙe takardun mota. Kafin a fita Agadas, ana zuwa wurin jandarma a tambayi lafiyar hanya, domin akwai ƴan fashi a wasu wurare. In hukuma ta ce a jira rakiyar sojoji, sai a jira. A kuma gaya wa dangi ranar tashi da ranar da ake sa ran isa. In ranar ta wuce ba labari, su ne za su sa a fita nema.

6. Mota ɗaya ba ta shiga hamada

Ana tafiya mota biyu ko fiye, tare da jagora wanda ya san ƙasar. Yanzu akwai na'urar GPS da tarhon tauraron ɗan Adam. Suna da amfani ƙwarai. Amma na'ura tana mutuwa, batir yana ƙarewa. Matambayi ba ya ɓata.

In mota ta lalace, ba a barin ta a kama tafiya da ƙafa cikin rana. A ɗaura tamfol a yi inuwa, a zauna, a auna ruwa. Masu nema sun fi saurin ganin mota bisa ga mutum. Da rana akan ƙona tsohuwar taya, don a hango baƙin hayaƙi daga nesa.

Yara, wannan ba wasa ba ne. A shekarar 2013, wasu motoci suka tashi daga Arlit, garin da ke arewa da Agadas, suka nufi Aljeriya. Motocin suka lalace a hamada, ruwa ya ƙare. Da aka fita nema, an tarar da gawar mutum 92, yawancinsu mata da yara. Da yawa daga cikinsu mutanen ƙasar Kance ne, kusa da Damagaram. Ƙasa duka ta yi zaman makoki na kwana uku. Allah ya jiƙan su.

7. Darasin madugu

Tun kafin zuwan mota, Abzinawa suna kai ayarin raƙuma Bilma, har yau ma wasu suna yi. Suna kai hatsi, su komo da kantun gishiri da dabino. Babu ciyawa a Tenere. Saboda haka suna ɗaure harawa su ɗora wa raƙuma. A kan hanya sai su riƙa ajiye wani kashi, domin raƙuma su sami abin ci a komowa. Madugu tun bai tashi ba ya yi lissafin dawowa. Direban kirki ma haka yake yi.

Mu riƙe

Kafin tafiya arewa mai nisa: a san hanya, a zaɓi lokaci, a ninka ruwa, a duba mota, a sanar da hukuma da dangi, a tafi tare da wasu.

Kalmomi da faransanci

hamada : le désert
rijiya : le puits
ayari : la caravane
guzuri : les provisions
ƙishirwa : la soif
jagora : le guide

Tambayoyi

1. Waɗanne garuruwa ake ratsawa tsakanin Damagaram da Agadas?
2. Me ya sa ba a zuba ruwa duka cikin tano guda?
3. Me matafiya za su yi in motarsu ta lalace a hamada?
4. Wane darasi muka koya wajen madugu?

Lissafi

1. Kilomita nawa ne daga Damagaram zuwa Bilma in an bi ta Agadas?
2. Mutum 8 za su yi tafiyar kwana 4 da sanyi. Lita nawa za su ɗauka, in an ninka? Bido nawa mai lita 20?
3. Wata mota tana shan lita 20 a kilomita 100. Lita nawa za ta sha a kilomita 600? In direba ya ƙara rabi, lita nawa zai saya?

Aikin gida

Ku zana taswirar Nijar a littafinku. Ku sa Damagaram, Tanut, Agadas, Fashi da Bilma. Ku tambayi wani dattijo a unguwarku yadda ake shirin tafiya a zamaninsu, ku zo ku gaya wa ƴan ajinku.